Sakatar da Na Cire Daga Ƙofata

Nima, ranar Talata da hantsi

Assalamu alaikum, maigidana Razaku,

Gaisuwa mai yawa daga tsohuwar matarka da ka gudu ka bari a unguwar Nima da gwiwa ɗaya mai ciwo. Ina roƙon Allah Ya sa motar da ka hau a tashar Circle ta sauke ka Takoradi lafiya, Ya tsare ka daga direba mai gaggawa, Ya ba sabon mastanka haƙuri, don duk telan da zai zauna shago ɗaya da kai yana bukatarsa. In kana karanta wannan takarda, to ka ɗaga kwalbar yajin shito ke nan. Na san nan hannunka zai fara zuwa, shi ya sa na sa ta a ƙarƙashi. Da a cikin Alƙur'aninka na sa, sai azumi za ka gan ta.

Kada ka yi wa rubutuna dariya, aji huɗu na yi aka cire ni aka ɗora mini tire. Da na aiko maka da murya ta waya yadda na saba, amma na gano kana danna wani abu muryata ta riƙa gudu kamar ta ɗan tsako, ka gama saurarona ban gama gaisuwa ba. Takarda ba ta da wannan madannin. Kuma maganar da ke ciki ba irin wadda zan ba wani ya rubuta mini ba ce.

Na san abin da ya faɗo a cinyarka da ka warware takardar. E, shi ne. Katin tiramol ɗinka, mai gurbi goma, duk goman babu kowa a ciki. A aljihun jallabiyarka mai ruwan toka na same shi. Kada ka ce me ya kai hannuna aljihunka. Tun kana sakandare nake satar maka minti kana satar mini ƙosai, ba wanda ya taɓa kai wani ƙara.

Yanzu kunnuwanka sun yi zafi, kana satar kallon na kusa da kai ko ya gani. Gyara zama. Ba zagi na zo yi ba, ba kuma wa'azi ba, wannan aikin liman ne kuma ya fi ni iyawa. Ni labari na iya. Shekara ashirin da biyu ina ba ka na ƙarya kana dariya. Yau na gaskiya zan ba ka, kuma a cikin kowanne ni ce mai laifi.

Ka ce aikin Bronya, wato Kirsimeti, ya kai ka, wai a can teloli ba sa ɗaga kai daga keke tun shigowar Disamba har shekara ta juya, ga ɗinkin coci, ga na aure, ga na masu rufe fuska su yi rawa a titi. Na yi murna, hannunka yana da kyau a ɗinki. Amma na ga Disamba fiye da saba'in a ƙasar nan, na san halinta. Bikin ba namu ba ne, sai dai kiɗan har ɗakinmu yake shigowa, kofin ma haka.

Ina shekarata ta biyu a gidan kakanka, muna haya a unguwar Maamobi, tsakar gidanmu ɗaya da wata mata 'yar ƙabilar Ga, Anti Dede. Mutuniyar kirki. Da Sallah mu aika mata nama, da Bronya ta aiko mana shinkafa da kaza. Wata shekara ta ce, "Adiza, bana ba aike, da ƙafarki za ki zo ki zauna." Ta san ba na sha, sai ta yi mini sobolo, wato zoɓo, a jug daban, ta ajiye a kusa da kujerata. Abin da ba ta sani ba, ƙanenta ya bi duk jug ɗin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, har nawa, ya tsiyaya musu akpeteshi, giyar nan mai zafi, wai don taro ya yi armashi.

Kurɓar farko na ji wani zafi da ba na citta ba ne. Harshena ya faɗa mini gaskiya nan take. Amma uwata ta raine ni a kan cewa abin da maƙwabci ya miƙo maka da hannunsa ba a ture shi, sai na haɗiye na ce ya yi daɗi. Aka ƙara, na sha. Aka sake ƙarawa. Ga shi ban ci komai ba tun safe, ina tanadin wuri saboda kaza. Kafin la'asar kakarka tana tsakiyar fili tana rawar da ba ta taɓa koya ba, ɗankwali a hannu. Da na koma ɓangarenmu na tarar da yayan kakanka, Alhaji Babba, zaune a tabarma. Mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi. Na tsaya a kansa na ce, "Alhaji, wai kai agogonka a tukunyata yake ne? Ba ka zuwa sai an sauke." Kakanka ya rasa inda zai sa fuskarsa. Anti Dede ta bi ƙanenta da muciyar tuwon banku har bakin titi, ta dawo tana kuka tana ba ni haƙuri. Alhaji Babba kuwa sai da ya yi wata uku bai taka gidanmu ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, shinkafarmu ta yi auki a watannin.

Yi dariyarka, ni ma ina yi. Amma ka lura, ni a tsakar gidanmu abin ya same ni, cikin mutanen da ke ƙaunata. Kai baƙo ne inda za ka. Kuma na yanzu ba a akpeteshi suka tsaya ba, ina jin labari a wurin yaran da ke shan shayin ataya a bakin lungu: a sa ƙwaya a sobolo, a sa maganin tari a lemo, a sa wiwi a alewa. Kofin da ba a gabanka aka zuba ba, ka bar wa mai shi. Kwalbar da ba kai ka buɗe ba, haka. In ka ajiye abin shanka ka je ka dawo, ya zama na ƙasa. Ka riƙe ledar ruwanka a hannu, mutane ba su cika tura wa mai riƙe da wani abu kofi ba. In an miƙo, ka ce na gode ba na sha, tun a karon farko, da fara'arka, don a'a ta farko ita ce mai sauƙi. Za su ce maka Malam, za su ce maka Alhaji, ka amsa, sunaye ne masu kyau. Kada ka fita da yunwa. Kuma wanda ka ga ya sha, ko kwalba ɗaya ce, kada ka hau bayan mashin ɗinsa, ko da rantsuwa yake cewa idonsa garau.

Saura tabon hannuna na dama. Na ce maka kada ne ya kama ni a Paga. Na ce maka aljani na mara a bakin kwata. Akwai shekarar da na ce maka harsashi ne, ka je ka faɗa a makaranta malaminku ya aiko a gaishe ni. To koko ne.

Ka san shekara ashirin na yi ina sayar da koko da ƙosai a bakin lungunmu. Surfe, niƙa, tata, ɗaukar tukunya, duk a bayan nan nawa. Bayan haihuwar uwarka Rukaya bayan ya riƙe, in na sunkuya sai na dafa bango nake miƙewa. Wata rana na je kasuwar Agbogbloshie sayen gero da citta, na ga wani mutum da kwalabe cike da saiwoyi. Ya ce, "Hajiya, murfi ɗaya da safe, za ki ɗauki buhu da hannu ɗaya." Na ce da me ya jiƙa saiwar. Ya ce ruwan magani. Ban sake tambaya ba, don na shinshina, kuma na taɓa gamuwa da warin nan a jug ɗin Anti Dede. Na sani sarai. Na saya.

Da bismilla nake sha, Razaku. Murfi ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku, na koma ɓoye kwalbar a bayan buhun gero ina tauna kanumfari a kai. Shekara biyu ina haka. Da wani ya ce mini mashayiya a lokacin, da na tara masa unguwa, don ni a wurina magani nake sha. Ran nan da safe na ɗago tukunyar koko daga wuta, ƙafata ta taka inda babu ƙasa. Uwarka tana da shekara huɗu, tana tsugune a gefena da ɗan kofinta tana jiran a zuba mata. Allah Ya sa na karkatar da tukunyar ta zubo a hannuna. Ɗigo kaɗan ne ya same ta. In ka dawo ka dubi bayan ƙafarta ta hagu, akwai ɗan tabo kamar ƙwayar gyaɗa. Har yau tana cewa da shi aka haife ta. Ni na faɗa mata haka.

Ban daina da sauƙi ba. Na yi ta faɗa da kowa, sai da kakanka ya kai ni wurin wata nas ta taimake ni. Ita ce ma ta gano kujerar da nake zama ce ta yi ƙasa da yawa. Aka yi mini mai tsawo, aka sa ni rage ɗaukar kaya, rabin ciwon ya tafi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ni ba wanda ya taɓa miƙo mini giya ya ce ga giya. Da sunan ƙarfin aiki ta zo mini, kamar yadda taka ta zo maka. Na san abin da kake faɗa wa kanka: ni ba ɗan maye ba ne, ɗinki ne ya yi yawa, in an gama zan bari. Kalma ɗaya ba ka canza ba daga abin da na faɗa wa buhun gero. Ɗinki kuwa ba ya ƙarewa, bayan Bronya ga azumi, bayan azumi ga Sallah. Gajiya ba cuta ba ce da za a sha mata ƙwaya. Jikinka ne yake cewa ka kwanta.

Na ajiye biro na sha ruwa kafin in shiga wannan. Ka karanta a hankali.

Kawunka Mumuni. Kana da shekara goma sha uku ya rasu, aka ce muku zazzaɓi ne ya tashi masa farat ɗaya. Ni na ƙirƙiri zazzaɓin. Haka liman ya ji, haka uwarka ta ji, don tana Kumasi a ranar.

Ka tuna a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai yake aiki, shi ne mai sauke inji daga mota ya saɓa a kafaɗa. Can ya fara shan irin taka. Na ga alamu. Ga yawan susa, ga gyangyaɗi ana tsakiyar magana, tuwon da yake cinye malmala uku ya koma taɓa ɗaya. Ni da na taɓa ɓoye kwalba, wa zai koya mini? Amma na ce yarona yana sallah, ba ya shan giya, magani ne na aiki. Da uwarka ta ce, "Mma, Mumuni fa ba daidai yake ba," sai na ce, "Rufe mini baki kafin maƙwabta su ji. Ke dai ba kya son a yabi ƙanenki."

Washegarin Bronya ya fita bakin teku da abokansa, da farar riga, yana ƙamshin turare. Ana kiran azahar tasi ta tsaya a bakin lungu, abokansa biyu suka leƙo suna kirana a hankali. Na je na gan shi a kujerar baya, kansa ya langaɓe, yana wani irin minshari mai tsayawa ya dawo, leɓensa ya yi duhu.

Ɗayan ya ce, "Mma, barci ne kawai. Ya ɗan haɗa ne."

Na ce, "Ya haɗa me da me?"

"Ƙwayarsa ya sha, sai aka ba shi giyar bitas a kai. Bai saba ba."

Direban, wani Ba'asante da ban taɓa gani ba, ya juyo ya ce, "Maame, kada a sauke shi. Mu wuce asibiti yanzun nan."

Ka san tsakanin lungunmu da asibiti, da ƙafa nake zuwa awon jini. Amma a ranar ana suna a gidan da ke jikin namu. An kafa rumfa, mata cike da kujeru, duk wadda na sani a Nima tana wurin, kuma sun fara juyowa. Na dube su, na dubi ɗana. Na yafa masa mayafina a fuska, na ɗaga murya na ce zazzaɓi ne, a shigo da shi.

Na kwantar da shi rigingine a gadona, na sallami abokan, na sa wa ƙofa sakata. Na ɗura masa madara da manja, don haka na ji ana cewa suna karya guba. Ya sarƙe, rabi ya dawo ta hanci. Na goge, na yi ta yi masa fifita ina karanta duk abin da na haddace. A raina ina cewa bari 'yan suna su watse sai mu fita ba mai gani. Ana ta kiɗa a waje, ana rabon shinkafa, har wata ta ƙwanƙwasa ta ce ga nawa, na ce ta ajiye a bakin ƙofa. Wajen la'asar minsharin ya tsaya. Wallahi har hamdala na yi, na ce ya samu barcin gaske.

Da 'yan suna suka watse na girgiza shi bai motsa ba, muka kai shi asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta fi uwarka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: tun yaushe yake haka? Na faɗa mata. Ta dubi ƙasa. Ban sani ba ko da ya tashi in da na bi maganar direban nan. Ajali na Allah ne, na yarda. Amma sakatar ni na sa da hannuna, saboda matan da yau rabinsu ban ma tuna sunansu ba.

Bayan sadakar uku na ɗauki wuƙa na kwance sakatar na jefa a kwata. Kun sha yi mini tsiya, kai ne ma kan gaba, wai ɗakin Kaka kamar tashar motocin trotro, akuya ma shiga take ba sallama. Yau ka ji dalili.

Don haka ka ji ni da kyau. In wani a cikinku ya sha abu ya kwanta, ka girgiza shi ka mintsine shi bai farka ba, ko numfashinsa yana ja yana tsayawa, ko leɓensa ya sauya, wannan ba barci ba ne. Ka juya shi ya kwanta a gefensa, kada ka ɗura masa komai, ba madara, ba manja, ba ruwan gishiri. Kada ka bar shi shi kaɗai wai ya huce. Ku nemi mota ku tafi asibiti, kuma ka faɗa wa likita ainihin abin da ya sha, ko da uban yaron limami ne. Duk wanda za ku kwana ɗaki ɗaya, ka gaya masa kai ma haka kake so a yi maka. Kuma ƙwayar nan, kada giya ta hau kanta, kada bitas, kada maganin tari. Za ka ce ai kai ba ka shan giya. Mumuni ma bai taɓa sha ba sai ranar.

Saura laifina na ƙarshe, shi ne sabo. Wannan katin ba shi ne na farko da na gani ba. Wata guda ke nan da na taɓa wani a aljihunka, na mayar, na ɗauki mintina na fita. Na ce ɗinkin bikin gidan su Fati maƙwabciyarmu ne ya matsa maka, zai wuce. Ran nan ina zaune a ƙofar shago na ga kana gyangyaɗi a kan keke da rana tsaka, allura ta shiga yatsanka, ka dube ta kamar a yatsan wani take. Na dawo gida na zauna a bakin gadon nan, na dubi ramukan ƙusa huɗu da ke jikin ƙofata. Ashe na sake sa sakatar, wata guda cur, ban sani ba.

To ba zan ƙara kwana da ita ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zaunar da uwarka in faɗa mata komai, da na Mumuni, da na tabon ƙafarta, da naka. Na biyun farko nawa ne, ni zan ɗauki abin da zai biyo baya, wataƙila ta yi wata ba ta gaishe ni ba. Na ukun na fi so ta ji daga bakinka. Kana da Laraba da Alhamis. Ka kira ta. Za ta yi kuka, za ta yi faɗa, ka san Rukaya, faɗanta kamar ruwan Yuni ne, ya cika kwata ya wuce. In ka riga ni, ranar Juma'a ni zan zauna a gefenka a maganar. In ba ka kira ba, zan faɗa duk da haka, ka yi fushi da ni. Na gwammace ka shekara ba ka yi mini magana ba kana yawo da ƙafarka.

Kuma kada ka ce za ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai don ka nuna mini kai namiji ne. Na tambayi nas ɗin da ke auna mini jini, ban faɗi suna ba, na ce wani mijina ne. Ta ce, "Hajiya, mazan naki nawa ne?" Na ce ta bar wannan. Ta ce wanda jikinsa ya saba, in ya tsaya farat ɗaya yana iya shan wahala sosai, gara ya je asibiti a rage masa a hankali, kuma ba kama mutum suke yi ba. Akwai asibiti a Takoradi. Ka je a makon nan, tun kiɗan bai yi ƙarfi ba. In mastanka ya ce aikin ba zai yiwu ba sai da ƙwaya, ka naɗe tef ɗinka da almakashinka ka hau mota. Kekenka yana nan, na rufe shi da zane.

A can ƙasan jakar, ƙarƙashin garin rogo, za ka ga atamfa yadi shida a leda. Mumuni ya kawo mini ita kwana biyu kafin ranar, ya ce in ɗinka in shiga sabuwar shekara. Shekara tara tana cikin akwati, ban iya kai ta wurin tela ba. Kai nake so ka ɗinka mini. Da rana, bayan ka yi barci ka ƙoshi, da idonka na Allah. Ko ɗinkin ya karkace zan sa. Ka san awona, sai dai ka ƙara inci biyu a ƙugu, kuma kada ka tambayi dalili. Ban yarda ka ba direba ya kawo ba. Kai za ka kawo ta a watan Janairu, ka tsaya in gwada, ka ce na yi kyau ko ban yi ba.

Allah Ya tsare mini kai a hanya da masauki. Ya tsare bakinka daga abin da zai cuce ka, Ya haɗa ka da abokan da za su kai ka asibiti ba waɗanda za su kawo ka gida a ɓoye ba. Allah Ya jiƙan Mumuni, Ya yafe wa uwarsa. Ya dawo mini da kai da ƙafarka, ko da aljihunka babu ko minti ɗaya. In ka iso, kowane lokaci ne, a kowane hali kake, kada ka tsaya ƙwanƙwasawa. Tura kawai.

Wassalam.

Tsohuwar matarka,
Kaka Adiza